Ango zai kai amarya Zanzibar, kuma daga shi har ita babu mai iya iyo

Wani ƙanenmu daga Anguwan Rogo a nan Jos ya aiko da wannan tambaya: "Yaya, za a ɗaura mini aure a Disamba in Allah ya kai mu. Amarya ta ga hotunan Zanzibar a waya, ta ce can take so mu je mu yi mako guda. Ni ko Legas ban taɓa zuwa ba, teku a talabijin na san shi, kuma daga ni har ita babu mai iya iyo. Ta ina zan fara, me kuma zan kiyaye?"

Ango ka sha ƙamshi! Allah ya sanya alheri, ya kawo ƙazantar ɗaki. Amarya kuma ba ta laifi, ta iya zaɓe. Na daɗe ina sana'ar tikiti da biza a garin nan, galibi na masu Umara da 'yan kasuwa, na je tsibirin da ƙafata, na kuma tura mutane da dama. Kurakuran da mu mutanen tudu muke yi a can kusan iri ɗaya ne. Mun saba da ƙasar da in abu ya ƙi a nan sai ka hau mota ka yi gaba. A tsibiri kuwa duk inda ka nufa ruwa za ka tarar, kuma shi yake yanka maka lokacin wanka, lokacin tafiya, har da kuɗin abin da za ka ci. Amma kafin mu kai bakin ruwa akwai takardu, kuma a nan aka fi tafka asara.

Kar ka biya kuɗin jirgi ko na otal tukuna. Zanzibar yanki ne na Tanzaniya tun haɗewarta da Tanganyika a Afrilun 1964, saboda haka bizar Tanzaniya za ku nema. Baturen da ka gani a bidiyo ya sauka ya biya dala 50 an buga masa biza a filin jirgi, dokarsa daban, taka daban. Fasfon Nijeriya yana cikin jerin waɗanda ba a ba su biza a bakin shiga. Sai ka cike takarda ta intanet, a miƙa ta hukumar shige da ficen ƙasar, a bincika, sannan amincewa ta fito. Su da kansu suna cewa a nema da wata biyu kafin tafiya, kuma kar a yanki tikiti sai an amince. Wato kai mai auren Disamba, farkon Oktoba ya same ka ka riga ka shigar da takardunku. Tanzaniya tana da ofishin jakadanci a Abuja. In wani abu ya shige maka duhu can za ka tambaya, ka rabu da ɗan unguwa mai cewa ya san wani a ciki.

Na taɓa samun wani bawan Allah da ya ga rangwame a intanet, ya biya kwana shida a otal, irin kuɗin da ba a mayarwa, sannan ya zo wurina neman biza saura kwana goma sha biyu. Bizar ta fito, amma bayan ɗakin ya gama cin kwanakinsa babu kowa a ciki. Abin da ake yi shi ne, mai tikiti ya riƙe muku kujera ba tare da an yanka ba, otal kuma ka zaɓi wanda ake iya fasawa ba asara. Da waɗannan takardun za a nemi biza.

Fasfon amarya shi ne abin da angwaye suke mantawa sai lokaci ya ƙure. In ba ta da shi, gobe ma ta fara nema, da sunan da ke kan katin NIN ɗinta. Kar a ce za a canja mata suna zuwa naka saboda aure. Harafi ɗaya in ya bambanta tsakanin fasfo da tikiti ya isa a tsayar da ku a Abuja. Kowane fasfo ya zama yana da sauran aƙalla wata shida. Sannan katin rigakafin shawara, wanda duk mai fitowa daga Nijeriya za a tambaye shi. Allurar tana fara aiki a takarda ne bayan kwana 10, kuma tun 2016 an daina sabunta ta, sau ɗaya ta isar maka har abada. Ku je a yi muku allurar ta gaskiya a wurin jami'an lafiya na filin jirgi, ku bar sayen kati a bayan fage. Na ƙarshe, tun 1 ga Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo sayen inshorarta ta dala 44, ko da yana da wata inshorar daga gida. Ana biya ta intanet kafin a tashi. Ka buga komai a takarda, ka haɗa da shaidar aurenku, domin waya tana iya mutuwa a daidai lokacin da jami'i ya miƙo hannu.

Hanya ba ta da wahalar fahimta. Babu jirgin da ke tashi daga Abuja kai tsaye zuwa tsibirin. Wadda na fi tura mutane ita ce ta Habasha: Abuja zuwa Addis Ababa kimanin awa biyar, a canja jirgi, sai kimanin awa uku zuwa filin jirgin Abeid Amani Karume. Ku bar Jos kwana ɗaya kafin tashi ku kwana a Abuja, domin hanyar Akwanga da Keffi ba ta san kana da tikiti ba. Agogon can yana gaban namu da awa biyu. Wasu suna sauka a Dar es Salaam su hau jirgin fito mai gudu, tafiyar kusan awa biyu. Yana da daɗi in teku ya kwanta, amma ga wanda bai taɓa hawa ruwa ba, musamman a watannin iska, leda za a miƙo masa ya yi ta amai har ya isa. In kun bi ta nan fasfo ya kasance a hannu, don ana duba shi a tashar Zanzibar kamar ka shigo wata ƙasa.

Batun Disamba kuma, bari in ɗan rage maka ɗoki. Lokacin da muke rawar ɗari a Jos, ana hura wuta a kasko, su a can suna cikin zafinsu, domin suna kudu da tsakiyar duniya. Kuma zafin bakin teku ba irin na Kano ba ne da za ka shiga inuwa ka huta. Iska ce jiƙaƙƙiya, ka yi wanka ka fito gumi ya sake rufe ka. Mu da muke zaune a tudun da ya kai kimanin mita 1,200 mun fi kowa jin jiki a kwana biyun farko. Manyan ruwansu, da suke kira masika, daga Maris ne zuwa Mayu, har wasu otal-otal suna rufewa. Akwai ƙananan ruwa a Nuwamba zuwa Disamba, a yi yayyafi ko a zuba na awa ɗaya a ɗauke. Mafi daɗin lokaci daga Yuni ne zuwa Oktoba, sai Janairu da Fabrairu ga mai jure zafi. Daga wajen 20 ga Disamba zuwa makon farko na Janairu Turawa masu gudun sanyi suke cika tsibirin, kuɗin ɗaki ya yi tashin gwauron zabi. Da ni ne kai, sai in bar amarya ta tare, a gama karɓar 'yan ganin ɗaki, mu tafi a tsakiyar Janairu. Ka dai duba kalanda, don a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa wajen Fabrairu da Maris, kuma a Ramadan gidajen abinci da yawa a cikin gari suna rufe da rana.

To, yanzu teku. Zuwana na farko na sauka a ƙauyen Jambiani da hantsi. Na ajiye jaka na fito da ɗoki, sai na tarar da fili fari fat, kwalekwale a kwance a kan yashi kamar an yi watsi da su, mata sun duƙa can nesa kamar masu aiki a fadama. Ruwan kuwa sai wani shuɗin zare a ƙarshen gani. Na koma wurin mai otal ina huci, na nuna masa hoton da ya sa na biya kuɗina. Ya yi dariya, ya duba wani allo a bango, ya ce in dawo bayan la'asar. Da na dawo, ruwa yana dukan matakalar otal ɗin, kwalekwalen nan duk sun tashi suna lilo.

Abin da ke faruwa ke nan kullum. Teku yana cikowa sau biyu, yana janyewa sau biyu a kwana ɗaya da 'yan mintuna. Tsakanin cika da janyewa awa shida ne da ɗan ɗoriya, kuma kowace rana lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. Wata ne yake jan ruwan, don haka kai da ka san lissafin watan Musulunci ka riga Bature fahimta. A tsayuwar wata da daren sha huɗu zuwa sha biyar ruwan ya fi cika ya kuma fi janyewa, bambancin yakan kai mita uku zuwa huɗu a tsaye. A wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu kuwa motsin kaɗan ne. Masunta suna ce wa na farkon bamvua, na biyun maji mafu, wato mataccen ruwa. Matan da na gani noman ciyawar teku suke yi, mwani, wadda ake busarwa a sayar ƙasashen waje, kuma janyewar ruwan ce take buɗe musu gonar.

Wannan ne zai gaya maka ɓangaren da za ku sauka. Babban tsibirin, wanda mutanensa suke kira Unguja, tsawonsa kimanin kilomita 85 ne, bai kai Jos zuwa Bauchi ba, amma gaɓoɓinsa ba halinsu ɗaya ba. A arewa, Nungwi da Kendwa, ƙasan teku tana gangarawa da sauri, saboda haka ruwa ba ya tafiya nesa, ana wanka ko yaushe. Shi ya sa can ne cunkoso, kiɗa har dare, mashaya, da Turawa cikin shigar da za ta sa amarya ta yi ta sunkuyar da kai. Kuma gangarowar nan da masu iyo suke so, ga wanda bai iya ba haɗari ce: taku kaɗan ruwa ya kai maka wuya. A gabas, Jambiani da Paje da Matemwe, akwai dogon shingen dutsen murjani can ciki da yake karya ƙarfin igiyar ruwa, ya bar wani faffaɗan fili mara zurfi. Ku da ba ku iya iyo ba, kuma kuke son sirri, gabas na zaɓa muku, Jambiani ko Matemwe. Paje ta fi hayaniya saboda samari masu wasan lilo da iska a kan ruwa.

Sai dai gabas ɗin ma tana da tarkonta, kuma ina so ka karanta wannan wa amarya. In ruwa ya janye, mutum yakan ga fili ya yi ta tafiya yana ɗaukar hoto har ya yi nisan kilomita. In ruwan ya tashi dawowa ba ya zuwa ta gabanka kawai. Kwaruruka da ramukan da ka tsallako a bushe su suke fara cika a bayanka, kafin ka ankara kana tsaye a tudu ruwa ya raba ka da gaɓa. Ku fita lokacin da ruwa yake kan tafiya, ku juyo kafin lokacin da allon otal ya nuna zai fara dawowa, kuma in za ku yi nisa ku ɗauki ɗan gari. Ku sayi takalmin roba mai rufe ƙafa, saboda akwai wata halitta baƙa mai ƙaya kamar bushiya da take laɓewa tsakanin duwatsu. Ƙayarta tana karyewa a cikin nama, ta hana ka taka ƙafa kwana biyu. Mu 'yan Jos mun san yadda tafkunan da haƙar kuza ta bari suke cin yara, ruwa lumui a sama, rami a ƙasa. Ka ɗauki wannan tsoron ka tafi da shi.

Za a yi ta tallata muku yawon kwalekwale: zuwa tsibirin Changuu inda manyan kunkuru suke, waɗanda aka kawo kakanninsu daga Seychelles a 1919, zuwa Nakupenda, tudun yashi a tsakiyar teku wanda ruwa yake haɗiye shi in ya cika, zuwa Mnemba leƙen kifaye. Ku je, abin kallo ne. Sharaɗina ɗaya: kafin ka biya, a nuna maka rigar hana nutsewa guda biyu masu madauri lafiyayye, ku sa su tun a gaɓa. In matuƙi ya ce ai ba komai, ruwa ya kwanta, ka nemi wani. In ka ga an cika jirgi maƙil, ka sauka. Mutanen tsibirin ba su manta da jirgin Spice Islander da ya nutse a 2011 tsakanin Unguja da tsibirin Pemba saboda lodi ba, da jirgin Skagit a shekarar da ta biyo. Kuma ka faɗa wa matuƙi a fili cewa ba ku iya iyo ba. Angwaye suna jin kunyar wannan a gaban amarya, teku kuwa ba ruwansa da kunyar kowa.

Ƙanƙantar wuri tana shafar aljihu. Shinkafa, mai, siminti, kusan komai jirgi ne yake kawo shi. Ko lantarki ta wayar ƙarƙashin teku yake zuwa daga babban yankin ƙasar. Da ta lalace a Disamban 2009 sai da tsibirin ya yi kusan wata uku a duhu. Don haka ka tambayi otal ko suna da janareto da na'urar sanyaya ɗaki, soket ɗinsu dai irin namu ne mai baki uku. Ruwan famfo a ƙauyukan gaɓa yakan yi ɗanɗanon gishiri, na gora za ku sha. Babban asibiti, Mnazi Mmoja, yana cikin gari, fiye da awa ɗaya daga inda za ku sauka, saboda haka ku tafi da maganin zazzaɓi, na gudawa, gishirin haɗin ruwa, da man korar sauro, kowanne a kwalinsa. Man kare fata daga rana ma ku saya. Kar baƙar fata ta ruɗe ka, ranar bakin teku tana saɓule wuya da hanci. Kuɗi kuwa, naira ba ta da amfani a can. Ka tafi da dala sababbi, domin masu canji suna ƙin tsofaffin bugu, musamman na kafin 2009, da duk wadda ta yage. Ka canja zuwa shilin na Tanzaniya a cikin gari, inda na'urorin cirar kuɗi suka fi yawa, kuma ka tambayi bankinka iyakar abin da katinka zai iya biya a waje. Ka tambayi otal ko harajin kwana na gwamnati yana cikin kuɗin da suka faɗa. Ledar cefane haramun ce a Tanzaniya tun 2019, kar ku cusa takalma a baƙar leda. Kuma komai kusancinku, kar ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi.

Ta fuskar addini za ku ji kamar gida. Kusan duk mutanen tsibirin Musulmi ne, kiran salla ko'ina, maza da farar riga da hula, mata da baƙin lulluɓi. Amma akwai abin da ya ba ni kunya a daren farko: na shimfiɗa darduma na fuskanci gabas kamar yadda na saba tun ina yaro. Zanzibar tana kudu da Makka ne sak, alƙiblarsu arewa take. Ka tambaya kafin ka kabbara. A masallaci yawancinsu Shafi'awa ne, za ka ji liman ya bayyana bisimilla, a Asuba kuma ya yi ƙunuti a bayyane bayan ruku'u, hannuwa a ɗage. Ka bi shi, ba rafkanwa ya yi ba. A kudancin tsibirin, a Kizimkazi, akwai masallacin da rubutun jikin mihrabinsa yake ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107. Masu yawon buɗe ido suna zuwa garin ne su bi kifin dolfin da kwalekwale, suna wuce masallacin ba su sani ba. Ni shi ne ya kai ni. Manyan otal-otal na gaɓa kuwa da yawansu na baƙi ne, ana sayar da giya, wasu suna dafa naman alade. Ka rubuta ka tambaya kafin ka kama ɗaki. Amarya ta ɗinka ko ta sayi doguwar rigar wanka mai rufe jiki tun daga gida, atamfa in ta jiƙe nauyi take yi tana naɗe ƙafa.

Harshensu Swahili ne, kuma kunnen Bahaushe yana cin riba a nan, don mun sha daga rijiya ɗaya ta Larabci. Habari labari ne, sabuni sabulu, kalamu alƙalami, Alhamisi da Ijumaa ba sai an fassara maka ba. A ciniki za ka ji ishirini, thelathini, arobaini, hamsini, sitini. Elfu shi ne dubu. Bei gani, nawa ne; punguza, rage mini. In ka gamu da dattijo ka ce shikamoo, zai amsa marahaba, ka ga fuskarsa ta sake. Inda za ka yi hattara shi ne agogo. Su daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, don haka ƙarfe bakwai na safe shi ne saa moja, awa ta ɗaya, sha biyun rana kuma saa sita. In mai kwalekwale ya ce saa mbili, kar ka fito ƙarfe biyu, takwas na safe yake nufi. Ka sa shi ya rubuta maka a waya.

Da kun fito daga tasha za a yanyame ku da tayi. 'Yan gari suna kiran waɗannan samarin papasi, ma'anarta kaska, ka ga sunan ya dace. Ba faɗa ake yi da su ba, hapana asante kawai, a'a na gode, ka ci gaba da tafiya. A yanke kuɗin tasi kafin a shiga. Akwai daladala, wasu bas, wasu a-kori-kura da benci, arha sosai, amma ba abin ɗora amarya da akwatuna ba ne. Kar ka yi hayar mota ko babur: hagu suke bi, mu kuwa mun bar hagu tun 1972, ana buƙatar izinin tuƙi na tsibirin, 'yan sanda kuma suna kan hanya.

Makon naku ga yadda zan raba shi. Kwana biyu a tsohon gari, Mji Mkongwe, wanda Turawa suke kira Stone Town, kwana huɗu a gaɓa, daren ƙarshe ku dawo gari kusa da filin jirgi. Wannan daren na ƙarshe kar ka yi wasa da shi, kuma kar ka sa tafiyar ruwa a ranar tashinku. Tsohon garin lunguna ne da mota ba ta shiga, kamar cikin birnin Kano amma da benaye na dutsen murjani da ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, shi ya maido da fadarsa nan daga Maskat wajen 1840, arzikin garin kuma ya tashi ne a kan kanumfari, hauren giwa da bayi. Ku je inda kasuwar bayin take, wadda aka rufe a 1873 aka gina coci a wurin. Akwai ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi, ko miƙewa ba ka iya yi sosai. Na san ba irin wurin da ake kai amarya ba ne, amma ban ga amfanin mutum ya yaba ƙofofin nan bai san da gumin su wa aka yi su ba. A hanyarku ta zuwa gabas kuma ku tsaya dajin Jozani, ku ga jan birin da babu irinsa a ko'ina sai tsibiran nan.

Abinci ba zai ba ku wahala ba. Akwai shinkafa da madarar kwakwa, pilau, biriyani, mishkaki wanda tsire ne, da chipsi mayai, dankalin Turawa soyayye da ƙwai, wanda ɗan Jos ba zai yi baƙunta da shi ba. Ku ɗanɗana urojo, wani romo mai tsami da dankali da ɗan abu kamar ƙosai a ciki, da ruwan rake da citta da lemun tsami. Za a kawo muku ƙaguwa, jatan lande, da pweza, wata dabbar ruwa mai hannuwa takwas. A mazhabarmu ta Malikiyya abin cikin teku halal ne, sai dai cikin da bai saba ba a fara masa da kaɗan. Kasuwar dare ta Forodhani a bakin ruwa tana da kyan gani, amma kifin da aka jera tun yamma ban yarda da shi ba. Ka tambayi kuɗi tukuna, ka sa a gasa a gabanka. Ƙullin yajinku ku tafi da shi, barkononsu ba ya kai mana.

Tsaraba kuwa, kasuwar Darajani ta fi shagunan baƙi arha: kanumfari, kirfa, masoro, gyaɗar ƙamshi, duk a ƙulle. Kar ku kwaso murjani ko ƙwaryar dodon koɗi daga gaɓa, ana ƙwacewa a filin jirgi. Amarya za ta ga kanga, zane mai falle biyu da launi mai ɗaukar ido, za ta so ta saya wa mutanen gida. Kowane kanga akwai jimla da aka rubuta a gefensa da Swahili, kuma matan can da shi suke aika saƙo: wani addu'a ce, wani kalmar so, wani kuwa habaici ne tsagwaronsa ga kishiya ko maƙwabciya mai sa ido. Wata da na tura ta sayo wa uwar mijinta guda saboda kyan launinsa, sai daga baya wani ɗalibi da ya yi karatu a gabashin Afirka ya karanta musu, ashe magana ce a kan mai shiga abin da ba ruwanta. Kafin ta biya kuɗin wanda za ta kai wa Hajiyarku, ta sa mai shago ya fassara, sannan ta fita waje ta sake tambayar wani.